Bel Mai Ashirin da Biyar

Shekarar da yayana ya karye a ƙafa, ni na zauna masa a shago har ya miƙe. Wani ɗan acaɓa ne ya kwashe shi a bakin kasuwa, aka ɗora shi, aka ce kada ya kuskura ya taka ƙafar sai bayan mako shida. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a cikin Suleja, ina zaune da iyalina a Hashimi, kuma karayar ta zo daidai da dogon hutun damina. Saboda haka babu ma wanda ya tambaye ni ko zan iya. Yaya ya miƙo mini makullai daga kan katifarsa, ya ce, “Malam, je ka ka koyi abin da ba a koyarwa a aji.”

Shagon yana Dikko, a bakin titin Kaduna, inda manyan motoci ke tsayawa direbobi su ci abinci su duba taya. Yaya yana sayar da tamfol da igiya da sarƙa da ƙugiyoyi, amma abin da ya fi fita a shagon shi ne bel ɗin ɗaure kaya. Doguwar igiya ce saƙaƙƙiya mai faɗi, ruwan goro, da ƙugiya a kowane kai, da wani ƙarfe da ake ja ana saki har ta ɗame kayan da ke bayan mota. A jikin kowane bel akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka, an rubuta iyakar ƙarfin jan da zai iya jurewa. Shekara da shekaru bel ɗin da Yaya ke kawowa 2500 daN ake rubutawa a jikinsa. Direbobi ba ruwansu da haruffan, lambar suke dubawa, har suka raɗa masa suna “mai dubu biyu da rabi”.

Ana saura ’yan kwanaki Yaya ya karye, dilan da yake sarin kaya a wurinsa ya aiko masa da sabbin kwalaye. Bai ma samu ya buɗe su ba, ni na buɗe su ranar da na fara zama. Bel ɗin dai shi ne, kauri ɗaya, faɗi ɗaya, ƙarfe ɗaya. Abin da ya sauya kawai ɗan ƙyallen nan ne, yanzu 25 kN aka rubuta.

Na duba na yi murmushi, don wannan abu ne da nake koya wa ’yan aji huɗu kowace shekara. Ma’aunin ƙarfin ja ko turi sunansa niyuton, shi ake rubutawa da harafin N. Kayan da ya kai kilo ɗaya yana danna ƙasa da ƙarfin kusan niyuton goma. Niyuton goma a haɗe shi ne daN ɗaya, shi ya sa tsohon rubutun bai taɓa ruɗa kowa ba, tunda dubu biyu da rabi ɗin kusan kilo dubu biyu da rabi ne. Shi kuwa kN niyuton dubu ne cur. Ashirin da biyar sau dubu, dubu ashirin da biyar. Dubu biyu da ɗari biyar sau goma, dubu ashirin da biyar. Abu ɗaya ne aka faɗa da baki biyu. Na jera su a kan kanta ina jin cewa in ma wani ya tambaya, bayanin ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Wanda ya fara zuwa wani direban tirela ne mai jar hula, da tsinken sakace a bakinsa. Ya ɗauki bel ɗaya, ya juya ƙyallen, ya ajiye.

“Ina mai dubu biyu da rabi?”

Na ce, “Shi ne a hannunka. Rubutun kawai aka sauya.”

“Ashirin da biyar nake gani.”

“E, ashirin da biyar ne, amma na kilo. Ka ga wannan harafin na gaba? Kilo ke nan.”

Ban san na yi wa kaina ba sai da na ga ya zare tsinken daga bakinsa. “Kilo ashirin da biyar? Rabin buhun siminti ke nan fa. Ni da na ɗauko rodi?”

Na ce a’a, ba kilon nama ko na shinkafa nake nufi ba, kilo a nan dubu yake nufi, wato niyuton dubu. Ya ce mene ne kuma niyuton. Na fara bayani. Ya tsaya yana kallona irin kallon da ake yi wa mai tallar maganin gargajiya a cikin mota, yana gyaɗa kai don ladabi. Da na kai ƙarshe sai ya ce, “Ina mai shagon?” Na ce yana gida ba shi da lafiya. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya juya ya shiga shagon maƙwabcinmu.

Maƙwabcin namu mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Dikko har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Shi da Yaya ba su taɓa samun saɓani ba. Kayan gyaran mota yake sayarwa, amma a daminar nan shi ma ya ƙaro bel. Jim kaɗan sai ga mai jar hula ya fito da guda huɗu a kafaɗa, ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba.

Da rana ta yi na leƙa shagon maƙwabcin mu gaisa. Ya ce, “Ticha, yaya kasuwa?” Na ce da godiya. Na ɗauki bel ɗinsa ɗaya kamar da wasa. Faɗinsa bai gaza na namu ba sosai, launinsa ya fi namu sheƙi, amma da na murza shi tsakanin yatsuna na ji saƙar ba ta da nama. Na juya ƙyallen. An rubuta 5000 N.

Niyuton dubu biyar. Wato nauyin buhun siminti goma, alhali namu zai jure na buhu hamsin. Bel ne na ɗaure katifa a saman ƙaramar mota, ko buhunan gawayi a bayan a-kori-kura. Amma direbobi sun riga sun ba shi suna, “mai dubu biyar”, kuma a lissafinsu ya ninka tsohon namu sau biyu, balle wannan sabon abin tausayin mai ashirin da biyar. Na ajiye masa kayansa ban ce komai ba. Baƙo ne ni a layin, kuma ba na so a ce ƙanen mai shago ya zo da hassada tun ranar farko.

Washegari na zo da kwali da alƙalamin rubutu a allo. Na zana layuka, na rubuta da manyan baƙi: 1 kN daidai yake da 1000 N, 1 daN daidai yake da 10 N, 25 kN daidai yake da 2500 daN. A ƙasa na ƙara da Hausa cewa mai ashirin da biyar shi ne mai dubu biyu da rabi. Na rataye shi a bakin ƙofa, na koma na zauna ina jin na gama da matsalar. Mutum na farko da ya tsaya ya karanta ya tambaye ni ko sabon farashi ne. Na biyu ya ce ashe har bel ma dala ta shafa. Wani dattijo mai sayar da goro ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini shi dai a ganinsa ashirin da biyar ba za ta taɓa zama dubu biyu ba, ko a boko ko a allo. Kwana uku kwalin ya yi, ruwan sama ya zo da iska ya jiƙe shi, tawadar ta zube. Na sake wani. Shi ma bai canja komai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen nan ba jahilai ba ne. Direban da zai ji ƙarar inji ya gaya maka abin da ya lalace a ciki, wanda zai kalli lodi ya faɗi nauyinsa bai kuskure ba, shi ne zai tsaya a gabana ya ce lamba ba ta ƙarya. Ni ma abin da nake faɗa ke nan, lamba ba ta ƙarya, amma sai an duba abin da aka rubuta a gefenta. A aji idan na yi bayani yaro bai gane ba, zan sake, zan ba shi aikin gida, gobe ma yana nan. A bakin titi kuwa mutum yana da minti biyu, injinsa yana kunne, kuma ba ni ne zan ba shi maki ba.

Ranar Juma’a bayan an sauko na biya gidan Yaya. Yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafar a kan matashi. Na kwashe labari duka na gaya masa, har da lissafin, ina yi ina zana masa a bayan wata takardar magani.

Ya ce, “To tamfol fa, yana fita?”

Na ce tamfol yana fita, bel ne ko ɗaya ban sayar ba.

“Ko ɗaya?”

“Ko ɗaya, Yaya. Kuma ba rashin cinikin ne ya fi damuna ba. Wancan da suke saye ba na manyan motoci ba ne. Wata rana zai tsinke da wani.”

Ya sosa gefen ɗaurin ƙafarsa. Sannan ya ce, “Kai matsalarka, idan mutum ya zo sayen bel sai ka sa shi a aji. Ka ce masa mai kyau ne, ka rantse masa, shi ke nan.”

Na ce na rantse, ba su yarda ba. Ya ce ai ba su san ni ba ne. Na fito daga gidan raina a jagule, don na san akwai gaskiya a maganarsa, kuma gaskiyar ba ta da amfani gare ni.

A mako na uku Baba ya zo. Abokin marigayi mahaifinmu ne, tare suka yi tuƙi tun kafin a haife ni, kuma har lokacin yana jan babbar motarsa da kansa duk da furfurar da ta cika masa gemu. Da na hango shi yana saukowa sai na ji sanyi a raina, na ce yau dai ga wanda ya san ni. Na tare shi, na durƙusa na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya tambayi jikin Yaya, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce masara zai ɗauka jibi zuwa Kaduna, tsofaffin bel ɗinsa sun gaji, yana son guda huɗu.

Na kawo masa. Ya juya ƙyallen, ya nisanta shi da idonsa don ya gani da kyau.

“Ɗana, wannan na ɗaure akuya ne?”

Na yi dariya don ya yi dariya. Sannan na ce, “Baba, in tambaye ka. Da tafiyar kilomita ashirin da biyar da tafiyar mita dubu biyar, wacce ta fi nisa?”

Ya ce, “Kai, wannan ai ko ba direba ba ya sani. Mita dubu biyar kilomita biyar ce kawai.”

Na ce, “To shi ke nan, Baba, ka gama. Wannan namu ashirin da biyar ne na kilo, wancan na maƙwabci dubu biyar ne na ƙananan. Namu ya ninka shi sau biyar.”

Ya dube ni, ya dubi bel ɗin. Na ga kamar maganar ta shiga. Sai ya ce, “Wannan hanya ce kake magana. Bel ba hanya ba ne.”

Na ce lissafin ɗaya ne. Ya ce shi shekara arba’in yana ɗaure kaya, bai taɓa ɗaure su da lissafi ba. Na ce to ya taɓa su duka biyun ya ji bambancin kaurin. Ya ce ai kayan yanzu ba a gane su da kauri, ga waya nan sirara ta fi rediyon da ƙarfi. Ya ce duk abokansa mai dubu biyar suke saye, babu wanda ya dawo da ƙorafi. Na ji muryata tana neman tashi, na danne ta, don mutumin nan ya goya ni ina jariri.

Na ce, “Baba, don Allah ka ɗauki waɗannan ka je da su. Idan ba su yi maka ba ka dawo mini da su.”

Ya dafa kafaɗata. “Na san kana so ka nuna wa yayanka ka yi ciniki. Allah ya yi maka albarka. Amma masarar mutane ce, ba tawa ba.”

Ya sayi igiya ƙulli biyu a wurina, na san don kada in ji haushi ne, ya shiga shagon maƙwabci. Na zauna ina kallon titi, ina jin kamar in ɗauki kwalayen nan in watsar a kwalta.

Bayan kwana biyu, ana gab da la’asar, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Muryarsa ba yadda na san ta ba. Ya ce yana gaba kaɗan da Sabon Wuse, in kawo masa bel guda huɗu yanzu-yanzu. Bai ce wane iri ba, ni ma ban tambaya ba. Na zuba su a buhu, na rufe shago, na tari mota.

Tun daga nesa na hango cunkoso. Motar Baba tana gefen titi a karkace, buhunan masara sun zubo ta ɓangaren hagu, wasu a kan kwalta, wasu sun gangara cikin kwata. Kusan goma sun fashe, masara ta bazu fari fat har tsakiyar hanya, motoci suna bi ta kai suna niƙa ta. Mutanen wurin sun fito, maza suna jan buhuna, mata suna tattara ta ƙasa da kwanuka da tsintsiya suna juyewa a wani tamfol da aka shimfiɗa. Ga hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin. Ashe wani mai keke-napep ne ya faɗo gaban Baba ba zato, ya taka birki da ƙarfi, lodin ya yi gaba ya dawo, bel uku cikin huɗu suka tsinke. Allah ya tsare babu kowa a gefen motar a lokacin.

Baba yana tsaye ba hula, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Na miƙa masa buhun bel, ya karɓa bai dube ni ba. Na tuɓe rigata ta sama na shiga cikin masu ɗaukar kaya. Mun fi awa muna lodi, bayana kamar zai rabe, yayyafi ya fara sauka muna ɗaure na ƙarshe. Da aka ja ƙarfen, bel ɗin ya ɗame buhunan har suka yi ƙugi, Baba ya buga shi da tafin hannu ya ji yadda ya tsaya.

A nan ne na yi abin da bai kamata ba. Na tsinci guntun bel ɗin da ya tsinke, na nemo ƙyallen, na matsa kusa da shi.

“Baba, ka ga abin da nake faɗa maka. Wannan harafin shi kaɗai ne, babu kilo a gabansa, shi ya sa…”

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja. “Yanzu ne lokacin karatu? Mai keke ya shigo mini, ga rami a hanya, ga ƙaddara. Ko sarƙa ce sai ta tsinke.”

Mutane suka juyo suna kallonmu. Wani ya ce mini, “Haba malam, bar dattijo ya ji da abin da ya dame shi.” Na saki guntun ya faɗi. Na tsaya a cikin yayyafi har motar ta tashi, ga kunyar na yi magana a inda bai dace ba, ga haushin cewa abin da na faɗa ɗin haka yake.

Kashegari da safe ina share gaban shago sai ga maƙwabcinmu. Labari ya riga ya iso layin. Ya tsaya yana juya makullinsa a hannu, ya ce, “Ticha, wai da gaske kayana ne suka jawo?” Ya ce shi dila ne ya kawo masa, ya ce masa mai dubu biyar ne, shi ma lambar ya gani ya yi murna. Na ɗauko takarda. Ban kai rabin bayanin ba ya dafe kai, ya ce, “Wayyo Allah. Buhu goma kawai?” Shi ne mutum na farko a Dikko da ya gane, kuma bai ɗauke shi minti biyu ba. Ya ce me ya sa ban gaya masa tun farko ba. Wannan tambayar ta daɗe tana cina. A ranar ya kwashe bel ɗinsa daga gaba ya mayar ciki, ya ce daga yau sai masu ƙananan motoci.

Na ɗauka shi ke nan, yanzu direbobi za su dawo wurinmu. Ba su dawo ba. Direba zai shiga wurin maƙwabci, shi ya ce masa bel ɗinsa ba na babbar mota ba ne, ya turo shi wurina. Ya zo ya juya ƙyalle, ya ga ashirin da biyar, ya ce idan mai dubu biyar ya tsinke ina ga wannan. Sai ya ce zai saya a gaba. Haka na ƙarasa makonnin nan, ina maimaita magana ɗaya har na fara jin haushin muryata.

Ana saura kwana huɗu a koma makaranta Yaya ya zo shago da sandar dogarawa. Ya zauna a kujerarsa, ya dubi kwalayen bel da ke jibge kamar yadda aka kawo su, ya dubi kwalin da na rataye a ƙofa, na uku ke nan.

Ya ce, “Malam, wancan na maƙwabci da wane harafi aka rubuta shi?”

Na ce da N.

“To namu idan aka mayar da shi wannan harafin, nawa ne?”

“Dubu ashirin da biyar.”

“Ba ƙarya a ciki?”

“Babu. Daidai yake.”

Ya ce in miƙo masa alƙalamin. Ya ɗauki bel ɗaya, ya shimfiɗa a cinyarsa, ya rubuta 25,000 N a jikin saƙar da manyan baƙi, ya zagaye sifilan da kyau. Ya ce in cire kwalina in ajiye, in zo mu rubuta sauran.

Kafin azahar mun sayar da shida. Babu wanda ya tambayi komai. Mutum zai ga lambar, ya ɗaga gira, ya ce, “Kai, wannan ai ya fi ƙarfin wasa,” ya ɗauka. Har mai jar hular nan ya dawo, ya sayi biyu, ya ce wa Yaya gara da ya warke, don kasuwa sai mai ita.

Na kasa yin shiru. Da shago ya yi sauƙi na ce, “Yaya, ba su gane komai ba fa. Sifili kawai suke saye. Akwai wani ƙaramin ma’auni da ake kira dayin, niyuton ɗaya dayin dubu ɗari ne. Gobe wani zai iya kawo zaren ɗinki ya rubuta masa miliyoyi da wannan ma’aunin, kuma su saya.”

Ya ce, “Idan ya kawo sai ka lissafa mana namu da shi.”

Na ce ba wannan ne maganar ba. Ya ce shi a wurinsa ita ce maganar, tunda yanzu bel mai ƙarfi ne a kan motocinsu. Da ma tun ranar farko zan iya rubuta lambar nan, na san ta, ita na fara lissafawa, amma ban taɓa tunanin in rubuta ta ita kaɗai ba tare da bayani ba.

Ranar da zan bar shagon Baba ya tsaya da wani direba abokin tafiyarsa. Ya gaisa da Yaya, ya yi masa barka da miƙewa, ya amsa gaisuwata kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Sai idonsa ya faɗa kan bel ɗin da ke kanta. Ya ɗauka, ya karanta, ya miƙa wa abokin nasa.

“Ka ga irin wanda ya kamata mutum ya saya. Dubu ashirin da biyar. Ba irin mai ashirin da biyar ɗin da ɗan nan ya so ya liƙa mini ba.” Ya juyo wurina yana murmushi. “Ko da yake shi ma bai yi laifi ba, ya kai ni Kaduna. Amma ba za a haɗa ba.”

Na buɗe baki. Yaya ya ɗora ƙasan sandarsa a kan babban yatsan ƙafata, ya danna, yana ci gaba da hira da baƙon kamar ba shi ba. Na rufe bakina. Baba ya sayi huɗu, ya ce zai cire waɗancan ya ajiye su don ko-ta-kwana.

Da suka tafi na miƙa wa Yaya makullansa. Ya yi mini godiya sosai, ya ce na yi ƙoƙari, ya cusa mini sabon tamfol ɗaya ya ce in rufe kajin gidana da shi. Na tsallaka titi na tsaya jiran motar Suleja. Yatsan yana yi mini zogi, kuma motar ba ta cika da wuri ba.